Jérôme Lejeune: likitan tirizomi 21 da taƙaddamar da ta bi shi har bayan rasuwa

A asibitocin ƙasashen da ake aiki da Faransanci, har da na Nijar, idan aka kawo yaro mai lalurar da wasu ke kira galahanga, sunan da lokotoro ke rubutawa a takardarsa shi ne tirizomi 21. Wannan suna ya fito ne daga wani ɗan ƙaramin ɗakin bincike na asibitin yara na Trousseau da ke birnin Paris, inda a tsakanin 1958 da 1959 aka leƙa cikin ƙwayoyin halittar irin waɗannan yara, aka ƙirga kuromozom 47 a maimakon 46. Mutumin da duniya ta fi sani da wannan aiki shi ne Farfesa Jérôme Lejeune, wanda ya rasu a 1994. Binciken ya ɗaukaka shi, daga baya ya raba shi da abokan aikinsa da dama, kuma har yau ana jayayya a kan wanda ya fara ganin kuromozom ɗin na 47.

Yaron da ya so zama likitan ƙauye

An haifi Lejeune ranar 13 ga watan Yuni 1926 a Montrouge, wata unguwa da ke gefen Paris, a gidan mabiya ɗariƙar Katolika masu riƙo da addini. Yaƙin duniya na biyu ya same shi yana ɗan makaranta, a lokacin da sojojin Jamus suka mamaye Faransa. Burinsa na ƙuruciya shi ne ya zama likitan ƙauye. Ya karanta likitanci a Paris, ya sha faɗuwa a jarrabawar da ke buɗe wa ɗalibi ƙofar zama babban likitan asibiti, amma ya kammala karatunsa a 1951.

A 1952 abubuwa biyu suka faru da suka tsara sauran rayuwarsa. Ya auri Birthe Bringsted, ƴar ƙasar Danmak, wadda suka haifi ƴaƴa biyar da ita. Ya kuma samu gurbi a cibiyar binciken kimiyya ta ƙasar Faransa, CNRS, ƙarƙashin Farfesa Raymond Turpin, wani babban likitan yara. Turpin ya ɗora shi a kan duba wasu yara da ba kowane likita ne ke son ɓata lokaci a kansu ba, waɗanda a wancan zamani ake kira mongoliyen.

Sunan da ya zama zagi

Wani likitan Ingila mai suna John Langdon Down ne ya fara bayyana kamannin waɗannan yara dalla-dalla a 1866: fuska mai faɗi, idanu masu ɗan karkata sama, gajerun yatsu, jiki sako-sako, da jinkirin koyon tafiya da magana. Ganin siffar idanun ya sa ya kwatanta su da mutanen Mongoliya, bisa tunanin rabe-raben launin fata da ake yayi a zamaninsa. Kwatancen ba shi da tushe, amma sunan ya zauna kusan shekara ɗari.

Tun da ba a san dalilin lalurar ba, sai zargi ya faɗa kan iyaye. Wasu likitoci sun ce ciwon sanyi ne na tunjere, wasu sun ce shan giya, wasu tarin fuka, wasu kuma suka ce lalacewar jinin zuri'a ce. Iyalai da yawa a Turai sukan ɓoye yaron a cikin gida ko su kai shi gidan ajiye masu taɓin hankali, kuma akasarin yaran ba sa daɗewa a duniya. Abu ɗaya da aka tabbatar shi ne wanda masanin Ingila Lionel Penrose ya nuna a 1933, cewa yiwuwar haihuwar irin wannan yaro na ƙaruwa idan shekarun uwa suka ja.

Tun a shekarun 1930 Turpin da wasu masana, kamar likitan ido na Holand Petrus Waardenburg, suka yi hasashen cewa matsalar tana cikin kuromozom. Sai dai babu wanda ke da hanyar nuna hakan. Lejeune ya fara ne da abin da ido ke iya gani, wato zanen tafin hannu da na yatsun yaran. Wannan zane yana kafuwa ne tun ɗan tayi yana ƴan watannin farko, don haka bambancin da ya gani ya ƙara masa yaƙinin cewa lalurar tana nan tun farkon samuwar ciki.

Mene ne tirizomi?

Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta ƙanana waɗanda ba a gani sai da madubin likita. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai wasu ƴan zarurruka da ake kira kuromozom, su ne ke ɗauke da umarnin gado: launin fata, tsawo, rukunin jini, da yadda kowace gaɓa za ta ginu. Mutum yana da 46, a jere biyu-biyu, wato tagwaye 23. Rabi daga ƙwan uwa suke zuwa, rabi daga maniyyin uba.

Lokacin da jiki ke shirya ƙwai ko maniyyi, kowaɗanne tagwaye sukan rabu, ɗaya ya bi nan ɗaya ya bi can, domin a samu 23 cif. Wani lokaci tagwaye guda sukan ƙi rabuwa, su tafi tare. Idan wannan ƙwai mai 24 ya haɗu da maniyyi mai 23, ɗan tayin zai tashi da 47, kuma a wuri guda za a samu uku a inda ya kamata a samu biyu. Wannan shi ne tirizomi, kalmar da ta samo asali daga Girkanci, ma'anarta jiki uku. Lamba 21 kuwa ita ce lambar tagwayen da abin ya shafa.

Babu abin da ya ɓace a jikin yaron, ƙari ne aka samu. Amma umarnin da aka tsara a karanta sau biyu, idan aka karanta shi sau uku, ma'aunin ginin jiki da na ƙwaƙwalwa yakan karkace. Kuromozom na 21 shi ne mafi ƙanƙanta a jikin mutum, shi ya sa yaro ke iya rayuwa da ƙarinsa har ya manyanta. Idan ƙarin ya faɗa kan ɗaya daga cikin manyan, galibi cikin yakan zube tun da wuri.

Kafin a gane ƙari, sai an san adadin asali. Fiye da shekara talatin littattafan kimiyya suna koyar da cewa mutum yana da kuromozom 48. Sai a 1956 Joe Hin Tjio da Albert Levan, a garin Lund na ƙasar Suwidin, suka nuna cewa 46 ne. Wannan labari ne ya zaburar da Turpin.

Abin da ya faru a Trousseau

A shekarar ta 1956 wata matashiyar likita, Marthe Gautier, ta shigo sashen Turpin a asibitin Trousseau. Ta dawo ne daga Boston ta Amurka, inda ta yi shekara guda tana ƙaro ilimi a kan cututtukan zuciyar yara, kuma a can ta koyi renon ƙwayoyin halitta a cikin kwalba, fasahar da kusan babu wanda ya iya ta a Faransa a lokacin. Da ta ji Turpin yana kukan rashin mai wannan sani, ta ce za ta iya idan aka ba ta ɗaki.

An ba ta ɗaki, amma ba a ba ta kuɗi ba. Bisa labarin da ta rubuta daga baya, bashi ta ci ta sayi kwalabe, ta kawo zakara tana ɗibar jininsa, ta haɗa da ƙwan kaza mai ɗan tayi da ruwan jininta ita kanta domin ciyar da ƙwayoyin. Likitocin tiyata na ba ta ƴan guntayen tsoka daga yaran da aka yi wa aiki. Idan ƙwayoyin suka fara rabuwa, sai a zuba musu ruwa mai ƙarancin gishiri su kumbura, kuromozom ɗin su warwatsu, a shafa musu launi, a ƙirga. A yaran da ba su da lalurar an samu 46. A watan Mayu 1958 aka gwada na wani yaro mai lalurar, aka samu 47.

Madubin da ke ɗakin ba ya ɗaukar hoto, kuma ba tare da hoto ba babu masanin da zai yarda. Lejeune ya ɗauki gilasan gwajin ya kai wani ɗakin bincike mai kayan aiki. Daga baya a shekarar ya yi tafiya Kanada da Amurka, inda ya fara ba masana labarin abin da aka gani. Ranar 26 ga Janairu 1959 aka gabatar da sakamakon yara uku a mujallar Kwalejin Kimiyya ta Faransa, da sunan Lejeune a farko, Gautier a tsakiya, Turpin a ƙarshe. An yi kuskure wajen rubuta sunan Gautier. A watan Maris aka fitar da rahoto na biyu a kan yara tara. Masu binciken Paris sun yi sauri ne domin wata tawaga a Edinbara, ƙarƙashin Patricia Jacobs, tana kan hanya ɗaya, kuma ta buga nata sakamakon ƴan makonni bayan nan.

Wannan ne karo na farko da aka danganta wata lalurar ƙwaƙwalwa da wani canji da ake iya gani a kuromozom. Ga iyaye, ma'anarsa a fili take: ba tunjere ba ne, ba giya ba ce, ba laifin da uwa ko uba suka aikata ba ne. Tuntuɓe ne da ke faruwa wajen rabuwar ƙwayar halitta, a kowace ƙabila da kowane gida.

Shekarun ɗaukaka

Ƙofa ta buɗe. A 1959 Jacobs da John Strong suka gano maza masu ƙarin kuromozom X, lalurar Klinefelter. A 1960 John Edwards ya bayyana tirizomi 18, Klaus Patau kuma tirizomi 13, waɗanda duka sun fi na 21 tsanani, domin yawancin jariran ba sa kai shekara guda. A shekarar ce masana suka taru a Denver ta Amurka, Lejeune na cikinsu, suka amince da tsarin bai wa kuromozom lambobi.

A 1961 Lejeune da Turpin suna cikin masana 19 da suka sa hannu a wata wasiƙa zuwa mujallar likitanci ta The Lancet, suna neman a daina amfani da kalmar mongolizim. A 1965 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire kalmar daga takardunta bayan ƙorafin ƙasar Mongoliya. Masu Ingilishi suka koma kiran lalurar da sunan Down, masu Faransanci suka riƙe tirizomi 21.

A 1962 Lejeune ya samu kyautar gidauniyar Kennedy, wadda shugaban Amurka John Kennedy ya miƙa masa. A 1963 shi da abokan aikinsa suka bayyana wata lalura ta daban, wadda a cikinta wani yanki na kuromozom na 5 ke gutsurewa, jariri ya riƙa kuka mai kama da na kyanwa. Da wannan kukan aka raɗa mata suna, bai sa mata nasa ba. A 1964 aka ƙirƙiro masa kujerar farfesa ta farko a fannin ilimin gado a tsangayar likitanci ta Paris, daga nan ya koma asibitin yara na Necker, inda ya duba dubban yara daga ƙasashe daban-daban har ƙarshen rayuwarsa. Ya kuma wakilci Faransa a kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai nazarin illar tururin nukiliya ga jikin ɗan Adam.

Lokacin da binciken ya juya

Lejeune ya ɗauka cewa gano dalili shi ne matakin farko na samun magani. Abin da ya zo da wuri shi ne gwaji. A ƙarshen shekarun 1960 likitoci suka iya zuƙo ruwan mahaifa da allura, su reni ƙwayoyin ɗan tayi, su ƙirga kuromozom ɗinsa tun yana ciki. A ƙasashen da doka ta yarda, iyaye da dama da aka gaya wa sakamakon sukan zaɓi a zubar da cikin.

Wannan ya girgiza shi. A 1969 ƙungiyar masana ilimin gadon ɗan Adam ta Amurka ta ba shi babbar kyautarta, ta William Allan, a San Faransisko. A maimakon jawabin godiya da aka saba, ya tsaya gaban takwarorinsa ya ƙalubalanci amfani da iliminsu wajen tantance wanda za a bari a haifa. An ruwaito cewa bayan taron ya rubuta wa matarsa cewa a ranar ya yi asarar kyautar Nobel. Bai taɓa samun ta ba.

A Faransa ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu adawa da halatta zubar da ciki, tun daga ƙudurin da ɗan majalisa Claude Peyret ya gabatar a 1970 har zuwa dokar da ministar lafiya Simone Veil ta kare, wadda aka sa wa hannu ranar 17 ga Janairu 1975. Hujjarsa ita ce rayuwar mutum tana farawa ne daga haɗuwar ƙwai da maniyyi, kuma aikin likita shi ne yaƙar cuta, ba kawar da marar lafiya ba. Masu goyon bayan dokar kuwa suna nuni da ɗimbin matan da ke zubar da ciki a ɓoye kowace shekara, wasu su mutu, wasu su nakasa, kuma suna ganin hukuncin na mace ne da iyalinta. Dokar ta wuce. Ɗalibai da ƙungiyoyin mata sun sha tayar da hayaniya a tarukansa, abokan aiki da yawa sun ja baya, iyalinsa kuma sun ce kuɗin bincikensa ya ragu ƙwarai.

Bai daina neman magani ba. Ya yi shekaru yana nazarin yadda ƙarin kuromozom ke dagula sinadaran jiki, ya gwada ba yara wasu sinadaran bitamin, musamman folik asid. Gwaje-gwajen da aka yi ba su tabbatar da cewa hakan na gyara fahimtar yaran ba.

Abokin Fafaroma

Yayin da wasu ƙofofi ke rufewa a Paris, ta fadar Vatikan ta buɗe. A 1974 ya shiga Kwalejin Kimiyya ta Fafaroma, ya kuma ƙulla abota da Fafaroma Jean-Paul na biyu. Ranar 13 ga Mayu 1981 shi da matarsa suka ci abincin rana da Fafaroman, ƴan sa'o'i kafin Mehmet Ali Agca ya harbe shi a dandalin Saint-Pierre. A watan Disamba na shekarar, Lejeune yana cikin masanan da aka aika Mosko su kai wa shugaban Tarayyar Sobiyet Leonid Brezhnev gargaɗi a kan abin da yaƙin nukiliya zai haifar. A 1989 ya ba da shaida a wata kotu a jihar Tennessee ta Amurka, a shari'ar wasu ma'aurata da suka rabu suna jayayya a kan ƴan tayi bakwai da aka daskarar a asibiti.

A ƙarshen 1993 aka gano yana da sankarar huhu. A watan Fabrairu 1994 Fafaroma ya naɗa shi shugaban farko na sabuwar Kwalejin Rayuwa ta Vatikan, amma makonni kaɗan ya yi a kan muƙamin. Ya rasu a Paris ranar 3 ga Afrilu 1994, safiyar Ista, yana da shekara 67. An binne shi a ƙauyen Chalo-Saint-Mars, kudu da Paris, inda Jean-Paul na biyu ya ziyarci kabarinsa a watan Agusta 1997. Iyalinsa da abokansa sun kafa gidauniya da sunansa, mai tallafa wa bincike da kula da masu lalurar, wadda kuma ke ci gaba da adawa da zubar da ciki. A 2007 cocin Katolika ta buɗe binciken ɗaga shi zuwa matsayin waliyyi, kuma a Janairu 2021 Fafaroma François ya amince da matakin farko.

Muryar Marthe Gautier

Gautier ta bar sashen Turpin ba da daɗewa ba bayan binciken, ta koma aikin zuciyar yara, daga baya na hantarsu. Shekara hamsin ba ta yi magana a fili ba. A 2009 ta rubuta nata labarin a mujallar Médecine/Sciences, inda ta ce ita ta kafa ɗakin, ita ta reni ƙwayoyin, ita ta fara ƙirga 47, kuma tun da gilasan suka bar hannunta aka mayar da ita gefe. Ga magoya bayanta, wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gidauniyar Lejeune ta musanta, tana kafa hujja da littafin da yake rubuta ayyukansa na ɗakin bincike da wasiƙun da suka yi musaya da Turpin.

Rigimar ta fito fili a ƙarshen Janairu 2014 a birnin Bordeaux, inda masana ilimin gado na Faransa suka shirya karrama Gautier, tana da shekara 88. Gidauniyar ta samo izinin kotu ta aiko jami'an shari'a su naɗi jawabinta. Masu shirya taron suka soke jawabin, aka ba ta lambar yabon a keɓe. Daga baya a shekarar, kwamitin ɗa'a na cibiyar binciken lafiya ta Faransa, Inserm, ya fitar da ra'ayinsa: gudummawar Gautier ita ce ginshiƙin aikin, da wuya a ce ta Lejeune ce ta rinjaya wajen gano abin, amma shi ne ya yi ɗawainiyar sanar da duniya. Gautier ta rasu ranar 30 ga Afrilu 2022 tana da shekara 96.

Abin da ya rage ga iyaye

Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa kusan jariri ɗaya cikin 1000 ake haifa da tirizomi 21. Yiwuwar tana kusan ɗaya cikin 350 ga mace mai shekara 35, ta kai kusan ɗaya cikin 100 a shekara 40, amma ƴan mata masu ƙuruciya ma suna haifar irin waɗannan yara. A mafi yawan lokuta ba gadon lalurar ake yi daga dangi ba. Har yanzu babu maganin da ke cire ƙarin kuromozom.

Abin da ake iya magancewa shi ne cututtukan da ke rakiyar lalurar. Kusan rabin yaran ana haifar su da matsalar zuciya, wadda tiyata ke gyara da yawa daga ciki idan aka gano da wuri. Sukan kuma yi fama da ƙarancin aikin maƙoƙo, matsalar ji da gani, da yawan ciwon ƙirji. A Amurka, inda ake bibiyar waɗannan abubuwa, matsakaicin tsawon ransu ya tashi daga kusan shekara 25 a farkon shekarun 1980 zuwa kusan 60 a yau. Yaron da aka duba zuciyarsa, aka yi masa rigakafi, aka koya masa tafiya da magana da haƙuri, aka sa shi lakwal tare da sauran yara, yakan koyi karatu gwargwadon ƙarfinsa, da yawa kuma sukan riƙe sana'a.

A watan Disamba 2011 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya ware ranar 21 ga Maris ta kowace shekara domin masu wannan lalura, aka fara kiyaye ta a 2012. An zaɓi ranar 21 ga wata na uku ne saboda kuromozom uku da ke wuri na 21.